Gidauniyar Ajin Su Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya yara, ya kuma ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya lau muke.

Ƙullin maganin da kika aiko wa Auta ya iso, Allah ya bar zumunci. Amma ba zan ɓoye miki ba, Yaya, ban ba ta ba, kamar yadda ban ba ta na baya ba. Ba iska ke damun 'yata ba. Likita ya ce haka aka halicci ƙwaƙwalwarta, sunan lalurar otizim, wasu kuma su ce galahanga. Shekararta goma sha huɗu yanzu, na gaji da banka mata hayaƙi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar ajinsu. Wani ɗan ɗaki ne a bayan makarantar firamare, da can ma'ajiyar karyayyun kujeru. Yara bakwai ne masu irin lalurarta, da Malama guda. A shekara biyu Auta ta koyi saka takalmi da kanta, ta koyi nuna hoton kofi in tana jin ƙishirwa maimakon ta riƙa buga kai da bango. Ke za ki ga abin kaɗan ne. Mamanta kuwa kuka ta yi ranar.

To yanzu sabon hedimasta ya ce mu tashi ƙarshen zangon nan. Ba mugu ba ne, ɗalibai ne suka yi masa yawa, har a ƙasa suke zama. Shi ne mu iyaye muka kafa kwamiti, muka sa ranar ƙaddamar da gidauniya, Asabar ta sama, ko ma samu abin kama wani ɗakin. Shugabanmu wani tsohon ma'aikaci ne, jikansa na ajin. Ya ɗora mini rabon takardun gayyata, wai ni na san kowa tunda ni ke gyara kekunan ɗinkin unguwa. Ya kuma ce ni zan yi jawabi a madadin iyaye. Ni fa, Yaya! Ni da ko a taron dangi sai kin zungure ni nake buɗe baki.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Jiya na kwance keken wata mata na mayar, sai na ga ƙusa uku sun rage a kan tebur. Yanzu ma a tsaye nake rubutun nan.

A gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninki.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata kun wayi gari lafiya, gwiwa kuma ta yi dama.

Kwana biyar ke nan ina yawo da takardu, takalmina har ya buɗe baki. Mai kemis ya karɓa da fara'a. Mai gidan burodi ya ce in dawo, na koma sau uku, kullum wai yanzu ya fita. Amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne mai shagon da ke jikin nawa. Ya karanta takardar ya ɗago ya ce, "Au, ashe kana da wata 'ya bayan samarin nan?" Shekara goma sha biyu muna shara a ƙofa ɗaya, Yaya. Na yi dariya na ce masa ba ta son fita ne. Ni ne ban son fita da ita, Allah ya sani.

Wata sabuwa kuma ta ɓullo. Shugaba ya ce ranar taron a jera yaran a kan dandamali, gaban manyan baƙi. Ya ce, "Mai kuɗi ba ya jin bayani, sai ya gani da idonsa hannunsa ke shiga aljihu." Malama ta ce yaran ba sa jure hayaniya, ya ce minti biyar ne kawai. Aka ɗaga hannu, ni ma na ɗaga.

Da na gaya wa Maman Auta sai ta ajiye tsintsiya ta dube ni. Ta ce, "'Yar tawa za ka kai a yi kallo?" Na ce ɗakin fa, in aka rasa shi ina za mu kai ta? Tun lokacin maganarta da ni daga "ga abinci" sai "a dawo lafiya".

Kin san Auta ba ta hira, sai dai ta maimaita abin da ta ji. To akwai kalmar da ta fi kowace zama a bakinta. Tana zaune tana jijjiga jiki sai ki ji ta ce, "Allah ya sauwaƙe," da irin muryar da baƙi ke faɗa in sun gan ta, har da ɗan tsakin tausayin. Yau da safe ta faɗa sau huɗu ina ɗaura agogo. Na fita ban karya ba.

Ban san ko daidai na yi ba. In na zauna sai in ji in tashi in je in ce wa Shugaba na fasa, in na kai bakin layi sai in juyo. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki.

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan. Ki zauna kafin ki karanta wannan, amma ki kwantar da hankalinki, Auta na nan lafiya.

An yi taron jiya a harabar makaranta. An kafa rumfa, an jera kujeru, mutane sun zo fiye da zatona, sai dai babban baƙon da Shugaba ke ta alfahari da shi wakili ya turo. Da hantsi aka hau da yaran. Auta na riƙe da gefen rigata, tafin hannunta sharkaf da gumi. Mai gabatarwa ya matso da makirfo kusa da lasifika, abin ya yi wata irin ƙara mai tsaga kunne. Ta toshe kunnuwa ta ƙwalla ihu. Jikan Shugaba ya faɗi yana birgima, na sunkuya in taimaka a ɗaga shi, ina ɗagowa babu Auta.

Yaya, ban taɓa sanin ƙafata na da gudu haka ba. Na duba bayan ajujuwa, na duba banɗaki, na fita titi. Motoci na wucewa, ita kuwa ba ta san tsoron mota ba. Mamanta ta yar da takalmi ta bi ɗaya hannun. Taro ya watse, kowa ya bazu, mai kemis a kan babur, mai shagon jikin nawa yana tsayar da mutane yana cewa, "Yarinya ce doguwa, kada ku taɓa ta, kada ku yi mata tsawa!" Malama ce ta gaya masa haka. Ni kuma ina tafe ina kiran sunanta da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, ina gaya wa duk wanda ya tambaya cewa 'yata ce.

Sai bayan azahar wata mata ta ce mu duba layin teloli. Akwai wani tsohon tela a can da muka yi shekara uku ba ma ga maciji, tun da ya ce na lalata masa keke. A shagonsa na same ta, zaune a ƙasa, ta jingina kunci da ƙafar keken. Shi kuma yana ta taka feda, babu yadi, babu zare. Ya ɗago ya ce, "Taka ce? Tun ɗazu ta shigo. In na tsaya sai ta fara kuka, shi ya sa ban tsaya ba. Zo ka karɓe ni, cinyata ta mutu."

Na zauna na karɓi takun. Hawaye na zuba, ina takawa.

Da muka koma makaranta bai fi mutum talatin suka rage ba. Auta na gida da mamanta. Shugaba ya kama hannuna ya ce, "Na yi kuskure." Na ce tare muka ɗaga hannu. Takardar jawabina ta jiƙe a aljihu, don haka na tsaya ba makirfo na ce ina da 'ya, kun gan ta yau, kun taya ni nemanta, ɗaki muke nema inda ita da 'yan uwanta shida za su zauna ba tsoro. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Abin da aka tara ba zai kama ɗaki ba, ko kusa. 

Ƙaninki.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku a bakin ƙofa.

Ga inda aka kwana. Ranar Talata tsohon telan nan ya zo shagona da shugaban ƙungiyarsu. Suna da ɗakin taro a ƙarshen layi, sau ɗaya a wata suke shigarsa, sun ba mu aro daga safe zuwa azahar. Rufin na yoyo, taga ɗaya ba marfi, abin da aka tara a can zai tafi. Shekara ɗaya suka ce, bayan nan ban sani ba, kuma Malama ma an fara zawarcinta a wata makarantar. Ga ni nan dai, tsakanin kafinta da mai kwano. Maman Auta ta fara yi mini magana, ko da yake rabinta faɗa ne.

Kin ce za ki zo ki ga ajin da idonki. Kafin ki taso akwai abin da zan sauke. Lokacin bikin babbar 'yarki da na ce miki Auta na zazzaɓi, lafiyarta ƙalau. Kunya na ji. Ki yafe mini, ita ma ina neman tata yafiyar ta yadda za ta gane.

In kin iso kada ki shigo da guɗa, kada ki rungume ta, kuma ki bar turaren nan naki mai ƙarfi a gida. Ki yi sallama a hankali, ki zauna a tabarma ɗan nesa da ita, ki yi kamar ba ita kika zo gani ba. Zai yiwu ta yi awa guda ba ta dube ki ba. Ki jira. In ta taso ta ɗora hannu a gwiwarki, ko da mai ciwon ce, ki daure kada ki motsa. Gaisuwarta ke nan.

Zan tare ki a tasha ranar Alhamis. Tare da ita zan zo.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Baban Auta.