Sunan Buba a Bangon Littafi

Mubi, daren Talata, Maris 2015

Na gaji. Tun da muka dawo daga gudun hijira babu littafi a makaranta, duk an ƙone su. Yau Malam Bitrus ya kawo darussan lissafi na kyauta da ya bugo daga intanet. Gaskiya sun fi tsofaffin littattafanmu bayani.

Ina raba wa ɗalibai sai Hajara ta ƙi karɓa. Ta ce, "Malama, ni wancan tsohon littafin nake so, mai sunan Yaya Buba."

Yaranmu kowa yakan rubuta sunansa a bangon littafi, ƙarƙashin na wanda ya riga shi. Yayanta Buba bai dawo daga daji ba tun lokacin gudun hijira har yau. Na daka mata tsawa ta zauna, don kada in yi kuka a gabansu.

Wannan bangon mai sunaye kam babu shi a intanet.