Ranar da Hannun Mitwalli Ya Tsaya

Litinin, 4 ga Oktoba, 1926

Na gama fassarar fim ɗin wannan mako, shafi tara. Mijina Mitwalli ya karɓa bai ɗago ba, yana ɗiga wa majigi mai. Shekara goma sha takwas da aure. Kalmomin da ya faɗa mini yau, bakwai. Na ƙirga.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Ranar kallon mata. Mitwalli na ɗakin baya yana juya majigi da hannu. Shukri Afandi na gefen farin ƙyalle yana karanta wa jama'a abin da na rubuta, tunda 'yan fim ba su da murya. "Ina kwana" na rubuta. Shi kuwa sai ya ce, "Ke mai tawada a yatsa, wa ya bar ki kina bushewa?" Mata suka kwashe da dariya. Na cusa hannuna cikin mayafi.

Asabar, 9 ga Oktoba

Ƙila ba da ni yake ba. Ni da furfura?

Talata, 12 ga Oktoba

Da ni yake. Ya tare ni a matakala. "Uwargida Wadida, jirgin ƙasa na Iskandariya, Juma'a bayan an sauko. Mijinki ko rufi ya rufto ba zai daina juyi ba." Na ce, "Afandi, ka ji tsoron Allah." Amma ban ce a'a ba. Wayyo Allah, ban ce ba.

Laraba, 13 ga Oktoba

"Maigida, zan je wurin yayata kwana biyu."
"To. Bar mini fassarar."
Na yi kuka a madafa har wake ya ƙone. Na ninke riguna uku.

Alhamis, 14 ga Oktoba

Shukri ya wuce gona da iri. "Gobe, mai tawada, gobe!" Sai hoto ya tsaya cak. In hannu ya tsaya, zafin fitila cinye fim yake yi, kuma hannun Mitwalli bai taɓa tsayawa ba, ko ranar da aka raɗa masa rasuwar mahaifiyarsa. Fuskar yarinyar fim ta narke a gabanmu. Hayaƙi, ihu. Da tafin hannunsa Mitwalli ya kashe wutar.

Juma'a, 15 ga Oktoba

Ina ɗaure masa ƙunar, idonsa na bango, ya ce, "Babu 'gobe' a shafi na shida. Duk abin da kika rubuta haddacewa nake yi."

Na ji kukan jirgi. Hannun yana son sabon ƙyalle duk bayan awa uku, shi ke nan dalilin da ya sa ban tafi ba. Rigunan suna nan a ninke.

Yau na manta ban ƙirga kalmominsa ba.