Baba Yana Cin Wasansa na Karta, Yana Neman Makullin Mota

Anti mai shawara, don Allah ki agaza mini, kaina ya kulle.

Mahaifina direban babbar mota ne tun kafin a haife ni. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya miƙe, mun gode Allah, amma likita ya hana shi tuƙi, makullin ƙaramar motarsa ma yana hannuna. Abin da ke ɗebe masa kewa shi ne wani wasan karta da ya koya a wurin jiran lodi. Ba caca ba ce, Anti, mutum ɗaya ke yin abinsa. Ana haɗa kwali biyu, a shimfiɗa jeri goma a kife, na sama kaɗai a buɗe, sauran katunan a ajiye gefe. Sai ka riƙa ɗora kati kan wanda ya fi shi da ɗaya, har ka haɗa iri guda daga sarki zuwa ɗaya, ka kwashe. Dokar da ke ba kowa wuya ita ce ba a ɗaukar tari a matsar sai duk iri guda ne. Shi ya koya mini ina yarinya, in na yi wayo ya ɗan make mini hannu. Yakan ce in fara tono na kife, kada in rabo sababbi sai dabara ta ƙare, in kuma jeri ya zama fili in lallaɓa shi kamar ƙwai.

A da sai ya yi kwana da kwanaki bai ci wasan ba. Yanzu kullum ci yake. Ya kira Mama ta gani, ya buga wa ƙannensa waya yana dariya. Ya ce mai cin wannan wasa ƙwaƙwalwarsa garau take, don haka in ba shi makullinsa, ranar Asabar zai fita da 'ya'yana yawo.

Na zauna kusa da teburin na zuba ido. Anti, Baba ya manta dokar. Yana kwasar ja da baƙi a haɗe ya matsar, wani lokaci ya ɗora takwas kan takwas. Ba ha'inci yake ba, wallahi bai san yana yi ba. Na shiga banɗaki na sha kuka. Yayana, gwanin ba da umarni ta waya, ya ce in faɗa masa ƙiri-ƙiri. Mama ta ce in ja bakina, rabonta da ganin dariyarsa tun kafin ciwon. In na faɗa, na karya masa zuciya. In na yi shiru, da wace hujja zan hana shi makulli? Tsoro nake ji.

'Yar direba

Amsa:

'Yata, sannu da ɗawainiya. Yayanki yana da gaskiya, Mama ma tana da tata, amma kin haɗa abu biyu da ya kamata ki raba.

Makulli daban, karta daban. Ko da Baba yana cin wasan bisa doka, wannan ba shaidar tuƙi ba ce. Likita ya hana, likita ne zai ɗage. Ki faɗa masa haka cikin ladabi, ki nemi ganin likita kafin Asabar. A keɓe ki bayyana wa likitan abin da kika gani, har takwas kan takwas ɗin. Mutum ya manta dokar da ya yi shekaru yana koyarwa ba ƙaramin abu ba ne, kuma ke kaɗai kika san wasan har kika lura. Kada kunya ta sa ki rage komai. Yayanki kuma ya ajiye waya ya zo a tafi da shi.

Wasan kuwa, ki bar masa abinsa. Babu wanda ke cutuwa don an matsar da ja da baƙi tare. Kada ki gyara masa, kada kuma ki yi masa ƙaryar cewa ya warke. Ki ja kujera, ki taya shi tono na kife, ki yi murna in ya kwashe jeri.

Ranar Asabar ku fita yawon. Ke ki tuƙa, shi ya zauna a gaba ya nuna hanya. Zai yi fushi, wataƙila ya yi kwanaki bai kula ki ba. Ki daure, 'ya'yanki ne a kujerar baya.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciya.