Zangon Farko na Yaya Mas'udu

Urafane, 14 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga ƙanwata Zara'u, a Kwatano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki fatan lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara mana haƙurin rashin Yaya Mas'udu. Nan an fara yankan hatsi, wake ma ya yi kyau. Gwiwata tana nan yadda kika san ta. Rukaiya, matar marigayi, tana takaba, ta rame amma tana cin abinci.

A waya kin ce kin ji wai Yaya ya tafi ban ko yi masa sallama ba. Na san bakin da ya kai miki. Tun da na ajiye alli na dawo gida, na tarar Yaya ya haɗe gonata da tasa don wai mai albashi ba ya bukatar gona, dangi suka yanke cewa ni ne mai riƙo. Sama da shekara ashirin ban taka gidansa ba, bai taka nawa ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayata yadda aka yi. Ba a tuna Mushe Abdussalamu, kamar yadda suke kirana tun ina malamin boko, sai za a karanta takardar magani. To yau ki saurara, ko ba za ki yarda ba.

Kin san alwashin da ya ɗauka lokacin da 'yarsa Balkisu ta sha wuyar haihuwa, cewa in Allah Ya tashe ta zai taka da ƙafa har Kiyota ziyarar Maulidi. Bana ya ce lokaci ya yi, ga shi ido ya kusa ƙarewa, sai ɗansa Bashiru ya riƙe masa hannu. Da labari ya iso ni, abin da ya fara zo mini shi ne tsamiyar bakin rijiyar Bube. Ke kina ƙarama, amma ni na ga lokacin da kakanmu zai tafi gabas. Mai doguwar tafiya ba ya nisa ranar farko. Yakan fita gari kaɗan ya kwana gindin tsamiyar nan, don in an yi mantuwa a kai masa, in kuma akwai mai magana a ciki ya same shi da safe. Wurin ba gidan kowa ba ne. Ba wanda zai ce wane ne ya fara zuwa gidan wane. Na ce a raina, ga ƙofa Allah Ya buɗe mana mu biyu.

Ana saura kwanaki su tashi, Bashiru ya zo wurina da salularsa, wai in duba masa taswira tunda da Faransanci take. Yaro ne mai ladabi, ban ƙi shi ba. Ya ce masauki uku ake shawara: tsamiya, wadda mahaifinsa ya ambata, ko masallacin wani ƙauye a gaba, ko gidan abokinsa Khalil can kan hanyar Mayahi, inda akwai ɗakin kwano da katifa da gidan sauro. Na ce masa su kwana tsamiya. Ya yi dariya, ya ce Baba Mushe da karatunsa ne zai sa tsoho ya kwana waje cikin damina, a wurin da ake jiyo kiran sallar garinmu, mutane su ce daga fita sun gaji. Na ce haka aka saba. Ya ce an saba ne lokacin da babu waya. Ban iya faɗa masa dalilina ba, Zara'u. Ya za a yi in buɗe wa ɗan cikinmu abin da na kasa faɗa wa ubansa? Ya tashi yana cewa to, za a duba, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin amincewa.

Na sa aka yanka wa Yaya takalmin taya, irin mai laushi, na ɗauko sandar Baba da ke hannuna tun rabon gado. Washegarin tashinsu, bayan sallar asuba, na ja ƙafata har rijiya. Na tarar da Bube yana shayar da shanu. Gindin tsamiya ba ko sawun tabarma. Bube ya ce jiya da hantsi sun wuce, tsohon ya ja ya tsaya yana shafa jikin itacen, ya ce a shimfiɗa, yaron ya nuna masa hadari ya ce su ƙarasa inda rufi yake. Suka ɗan yi ja-in-ja, sannan suka wuce. Wanda ba ya gani, inda aka ja shi nan yake bi. Ruwan ma bai sauka ba ranar.

Na nemi kabu-kabu, mai haya da babur, aka ce korama ta cika tun ruwan kwanan baya, moto ba ya ƙetarewa. Da na samu motar kasuwa zuwa Mayahi sun riga sun yi gaba. Na kira Bashiru, na ce ya ba ni mahaifinsa. Na ji muryar Yaya daga gefe yana cewa a faɗa wa Abdussalamu maganarmu ba ta waya ba ce, in ya dawo za mu zauna. Sunana ya kira, ba Mushe ba. Sauran kin sani. Zazzaɓi ya kama shi bayan Madawa, mutanen wani ƙauye suka yi masa sutura, can aka rufe shi.

Ban ga laifin da zan ɗora wa Bashiru ba, katifa ya nema wa ubansa. Da ya dawo ya durƙusa gabana yana kuka, na ce ya tashi. Shekaranjiya Rukaiya ta aiko mini da wata sabuwar tabarma daga cikin kayan da aka dawo da su. Ta ce biyu Yaya ya sa ta naɗe masa. Da ta tambaye shi ta biyun ta wa ce, tunda Bashiru yana da buzunsa, sai ya ce zai yi baƙo da safe.

Ki gaishe da maigidanki Mahaman, da Nasiba, da Auta. Balkisu tana gaishe ki, ɗanta ya fara tafiya. Kada ki wahalar da kanki wajen gyara maganar da dangi ke yi a kaina, na saba.

Gonar tana nan, Bashiru ya ce in karɓi abina, ni kuwa ba ni da gwiwar noma. Takalmin da sandar suna bayan ƙofa. Ni da Yaya ba mu gaisa ba, kuma ba za mu gaisa ba.

Yayanki,
Abdussalamu