Dandamali Daidai Ƙofar Jif

Talata, 1 ga Afrilu, 2025

Yau ma sai da na roƙi maza biyu daga maƙwabta suka ɗaga matata Cecilia zuwa cikin jif. Tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye a watan Janairu haka muke yi duk ranar da za a je gashin ƙashi asibiti. Motar ta yi tsayi, ni kuma bayana ya ƙi. Suna cikin ɗaga ta zanenta ya zame. Tun daga Gwadangaji har asibiti fuskarta na jikin gilashi, tana hawaye. Matar da ko ɗankwalinta ban taɓa ganin ya karkace a waje ba.

Lokacin da na yi ritaya na sayi motar nan ta ce, "Baban Cynthia, mu biyu kacal, me za mu yi da wannan giwa?" Ban saurare ta ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Cynthia ta bugo daga Abuja. Wai in kawo mata uwarta, akwai wurin gashi kusa da su, mijinta Kenneth ya riga ya gyara ɗaki. "Kai ma ka taho, Baba." Ni Irimiya in tare a gidan suruki, in riƙa fitowa falonsa da safe ina jiran a ba ni shayi? Allah ya sawwaƙe. Na ce matata ce, ni zan yi jinyarta a ɗakinta. Ta ce to har yaushe ƙattin unguwa za su riƙa ɗaukar Mama kamar buhu. Na kashe wayar. Abin haushin, gaskiya ta faɗa.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ina ɗumama mota da safe, na buɗe gaba ina duba mai da ruwan lagireto, sai dabara ta faɗo mini. In aka yi dandamali na katako daga barandar ɗaki, tsayinsa daidai da ƙasan ƙofar jif, ai sai in tura kekenta har bakin kujera, ta zame ta zauna. Ba mai taɓa ta sai ni.

Na kira Hodi kafinta, maƙwabcinmu tun muna gidan haya. Ya zagaya motar, ya gwada da awo. Ya ce, "Wanga aiki ba shi da wuya. Amma jan katako tsada gare shi, fari kuwa gara na cin shi awa tuwo." Mun tsaya a kan cewa ginshiƙai kaɗai za a yi da ja, a ɗora su bisa bulo. Shimfiɗar sama kuma mu nemi katakon da ake jera buhuna a kai a kamfanonin shinkafa, suna sayar da tsofaffin da araha.

Na faɗa wa Cecilia. Na ce in an gama, ranar Lahadi bayan coci sai Argungu, mu ci kifi a bakin gulbi kamar lokacin da nake malamin gona a can, muna amare. Ta dube ni kawai.

Asabar, 12 ga Afrilu

Argungu, neman katako. Na kwantar da kujerun baya na loda har rufi, ƙusa ta yage mini fatar kujera, a da da na yi kwana uku ina masifa. Da na gama sai na tsinci kaina a bakin gulbi, a Matan Fada. Ruwa ya ja baya sosai. Na zauna cikin mota ban ko kashe ta ba, na ji kamar na ci amanar Cecilia da na zo ni kaɗai. Ban gaya mata na je ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

An yi wa mota juye wurin Zayyanu bakanike, an canza filta. Na ce ya zuba mini tsohon baƙin man a jarka, shi za mu shafe katako da shi saboda gara. Hannuna duk ya yi baƙi, sabulu ya kasa. Da na zo ba ta kunu ta kawar da kai don wari. Sai da na sa cokali mai dogon hannu.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ista. Ba mu je coci ba. Matan zumunta sun zo sun yi mata waƙa, ta sa na ce musu tana barci.

Asabar, 26 ga Afrilu

Abin dariya, abin kuka. Mun gama shimfiɗa, na ja mota baya a hankali ta jeru da dandamali, sai ga ƙofa ta fi shi tsayi da kusan faɗin tafin hannu. Hodi ya riƙe baki ya ce, "Ikon Allah, motag ga ta ƙara tsawo!" Ashe ranar da muka yi awo tayoyin ɓangaren nan ba su da isasshiyar iska, shekaranjiya kuma na tsaya wurin mai faci ya cika su tam. Ni da nake taƙama ba ranar da ba na duba taya.

Cecilia na kallonmu ta taga. Sai na ji wani sauti, na ruga a guje na zaci ta shaƙe. Dariya take yi, da rabin baki, har da hawaye. Rabon da in ji wannan tun bara. Na fita bayan gida na yi nawa kukan.

Mun haƙa ƙasa kaɗan inda tayoyin ke tsayawa, muka daɓe da tsakuwa. Yanzu ta zauna daram.

Talata, 29 ga Afrilu

Da kaina na shigar da ita, ba hannun kowa. Na bugo wa Cynthia ina ta zuba kamar yaro. Ta ce, "Madalla, Baba," sai ta ce in ba Mama wayar. Sun daɗe. Ban san me za a daɗe ana faɗa ba da bakin da kalma ke fita da ƙyar.

Juma'a, 2 ga Mayu

Batir ya yi sanyi. Na kankare kan wayoyin, na wanke da ruwan zafi, ta tashi. Argungu jibi in Allah ya yarda.

Lahadi, 4 ga Mayu

Ba mu je ba. Na gama wanke mota, na shanya zannuwanta, na shigo in shirya ta, sai ta riƙe mini hannu da hannunta mai lafiya. Ta daɗe tana haɗa maganar. "Zan tafi wurin Cynthia. Ni na ce ta zo."

Na ce ai ga dandamali, me ya rage? Na ɗaga murya, Allah ya gafarta mini. Ta bari na gama. Ta ce, "Na gaji da ganin ka kana wanke mini zane."

Na ce ban taɓa ƙorafi ba. Ta ce ta sani.

Laraba, 7 ga Mayu

Ba na iya cin abinci. Zuciyata ta karye, ba wata kalma. Duk wannan buge-bugen ƙusa da nake yi, ashe ita ta riga ta yanke.

Asabar, 10 ga Mayu

Sun tafi. Jirgin da Cynthia ta samu daga Sakkwato zai tashi, don haka ni na kai su. Na jera mota, na tura keken bisa katakon, ko ƙara bai yi ba. Aikin ya yi kyau, ba abin da za a ce. Da na sani da na bar giɓin nan, ko ta ƙara kwana.

Hanyar ta bi ta Argungu. Da muka zo mararrabar da ake sauka gulbi na rage gudu, na duba madubi. Ta yi barci, kanta a kafaɗar 'yarta. Cynthia ta ce a hankali, "Baba, lokaci." Na taka.

A filin jirgi wasu samari masu riga iri ɗaya suka karɓi keken daga hannuna. Ta ce, "Ka riƙa cin abinci." Shi ke nan abin da na samu.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na ɗumama mota. Ban je ko'ina ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Ruwan farko. Da aka ɗauke na fita na tsaya bisa dandamali, ruwa ya kwanta a kan baƙin man bai shiga katako ba. Hodi ya leƙo ta katanga ya ce, "Ka gani, shekara goma shina yi." Shekara goma ina kallon sa? Ya ga fuskata ya koma gida, can sai ga matarsa ta aiko da tuwon shinkafa.

Cynthia ta ce an fara tsayar da Mama da ƙarfe. Wani ne ke riƙe ta. Na ce madalla. In na nemi a ba ta waya ba abin da muke faɗa, numfashinta kawai nake ji, ita ma nawa. Jiya ta tambaya ko na duba ruwan mota. Na ce na duba. Na daɗe riƙe da wayar bayan ta katse.

Litinin, 2 ga Yuni

Na kai mota wurin Zayyanu. Lokacin juye bai yi ba, amma ba laifi a duba birki da bel, damina ce. Na canza tayoyin gaba da na hannu masu ɗan dama. Ya ce, "Baba, tafiya za a yi?" Na ce a'a. Na dai tambaye shi yadda hanyar Abuja ta Kontagora take yanzu, don sani kawai.

Da yamma na kira Kenneth, karon farko da na kira shi da kaina. Ya rikice, sai "Baba, Baba" yake yi. Na ce ba zama zan zo yi ba, kwana biyu ne, in ga jikinta in juyo. Na kuma tambaye shi ƙofar gidansu ko akwai matakala. Ya ce akwai, shi da maigadi ke ɗaukar ta.

Ragowar katakon yana bayan mota. Na aro zarton Hodi, ya ce in dawo da shi duk ran da na dawo. Ban ce masa yaushe ba.