Rasuwar Farfesa da Batun Koren Littafin da Aka Ɗauke

Cikin alhini da miƙa lamari ga Ubangijin da ya ba da ita kuma ya karɓi abinsa, Hukumar Gudanarwa da ɗaukacin ma'aikatan Cibiyar Nazarin Imani da Walwalar Al'umma suka samu labarin rasuwar shugabarsu, malamarsu kuma uwarsu, Hajiya Farfesa, wadda rai ya yi wa halinsa da hantsin Talatar da ta gabata, bayan jinyar wata huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ta shafe shekara goma sha ɗaya tana jagorantar babban binciken wannan Cibiya, wanda ke neman gano abin da imani yake yi wa lafiyar mutum, da barcinsa, da zamansa da maƙwabta. Gidaje dubu ɗaya da ɗari huɗu ne suka amince suka shiga, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci da waɗanda ba sa zuwa ko'ina, kuma duk bayan shekara biyu sai ta koma musu da na'urar auna hawan jini da takardar tambayoyi. Mu muna kiran ta Farfesa, su kuwa a unguwanni ba su san ta da wani suna ba sai Mai Awo. Ba ta taɓa yarda ta zauna a kujera a gidan da mai gidan ke zaune a tabarma ba.

Duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinta ya san dokarta: ba a rubuta sunan kowa a takardar tambayoyi, lamba ake sawa. Saboda wannan ne mutane suka saki jiki da ita, suka faɗa mata abin da ba su faɗa wa abokan zamansu na aure ba, daga mai fama da shakka a zuciya har wanda ya kasa komawa ibada bayan ya binne ɗansa. Kowannensu ta yi masa alkawari da bakinta cewa, "Maganar nan daga ni sai kai sai Allah." Littafi ɗaya ne tak yake nuna wace lamba ce ta wa, da hannunta ta rubuta shi, ita kaɗai ke buɗe shi. Ba sai mun faɗa wa kowa irin auren da zai mutu, da aikin da za a rasa, da gaisuwar da za a daina amsawa, idan littafin nan ya faɗa hannun da bai dace ba.

Cibiya tana sane da cewa ba kowa ne ya ji daɗin aikin marigayiya ba. Wasu sun so ta fito ta ce ibada tana maganin kowace cuta, wasu kuma sun so ta ce addini ne tushen damuwar mutane. Ta ba ɓangarorin biyu haushi, domin abin da ta fara gani a gidajen da ta auna shi ne, mai ibada cikin jama'ar da ke cigiyarsa in ba su gan shi ba ya fi samun natsuwa, amma wanda tsoro kaɗai ke kai shi ba ya samun barcin kirki. Da aka matsa mata lamba sai ta ce, "Ni awo aka koya mini, ba wa'azi ba." Tun daga lokacin aka fara aiko mata da masu neman "ganin asalin bayanan", tana ba su ruwa su sha, ta raka su bakin ƙofa.

Da baƙin ciki muke sanar da jama'a cewa washegarin jana'iza mai sharar Cibiya ta tarar an ɓalle aljihun teburin marigayiya. Ba a fasa ƙofar ofis ba, buɗe ta aka yi, kuma mutum biyar ne kawai ke riƙe da makullinta. Kwamfuta tana nan a kan tebur, agogon bango yana nan, koren littafin da take yawo da shi a jaka ne kaɗai ya yi ƙafa. Ba mu kama sunan kowa ba. Sai dai muna da idanu, mun kuma lura da wasu masu gaisuwa da ba su taɓa leƙa ta a asibiti ba, amma sun je gidanta sau uku cikin kwana huɗu, suna shafa addu'a suna tambayar maigidanta a ina Hajiya take ajiye takardunta. Wannan abin kunya ne, kuma ya ƙona mana rai.

Ga wanda ya ɗauki koren littafin, muna yi masa jajen wahalar banza. Shekaru mutane suna ganin sa a hannunta suna zaton shi ne, ita kuma ba ta taɓa gyara musu zaton ba. Babu abin da ke cikinsa sai ranakun da aka daidaita na'urorin auna hawan jini. Muna buƙatarsa, a ajiye mana shi a wurin maigadi, ba za a yi tambaya ba.

Littafin gaskiya bai taɓa kwana a ofis ba. Jiya maigidan marigayiya, Alhaji, ya shaida wa Hukumar Gudanarwa cewa a makon da likitoci suka faɗa mata gaskiyar ciwonta, ta sa ya fito mata da shi daga ƙasan akwatin zannuwanta da safe, ya kai mata bayan kicin. Ya ce: "Ni na ƙyasta mata ashanar. Shafi-shafi ta riƙa yagowa tana sawa a kasko, ba ta tashi ba sai da ta juya tokar da kanta." Ta san abin da take yi. Saura zagaye ɗaya binciken ya cika shekara goma sha uku da aka tsara masa, kuma in babu littafin nan babu mai iya komawa gidajen. Mai wannan sanarwa, wanda ɗalibinta ne, ba zai ɓoye ba cewa da ya ji sai da ya yi fushi, daga baya ya yi kuka. Ta zaɓi ta tafi ba ta ga ƙarshen aikin rayuwarta ba, maimakon ta bar amanar mutane a hannun waɗanda ba ta gama yarda da su ba, har da mu.

A madadin Shugaban Hukumar Gudanarwa da mambobinta, muna miƙa ta'aziyya ga Alhaji, da 'ya'yanta uku, da ƙannenta, da ɗalibanta. Allah ya jiƙan ta, ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba iyalinta juriyar wannan babban rashi.

Ga gidaje dubu ɗaya da ɗari huɗu da suka buɗe wa Mai Awo ƙofa, ku kwantar da hankalinku, babu wanda ya san ku. Masu zuwa gidan marigayiya kuma, a je da addu'a kawai, babu sauran takarda a can.

Sa hannu:
Kakakin Cibiya kuma Sakataren Hukumar Gudanarwa,
Cibiyar Nazarin Imani da Walwalar Al'umma