Hoton Rumman na Bana

Kurayyat, Jidda.

Zuwa ga yayana Abdulghani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk mutanen gida a Kazaure. Allah Ya ƙara wa Baba sauƙi, Ya sa ciwon ƙafar nan ya zama kaffara, kai kuma Ya ba ka ladan ɗawainiya da shi. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Maigidana Saif yana nan yana fama da aikin tuƙinsa a Madinar Masana'antu ta nan Jidda. Layan ta shiga sakandare, Ruba kuwa har yanzu in na yi mata Hausa sai ta amsa mini da Larabci, tana ji sarai, bakin ne ya ƙi. Ni ma ina nan ina ɗaukar hotunan amare kamar yadda ka sani. Hajiya Sadiyya da ta zo Umara ce za ta kawo maka takardar nan, tare da ambulan ɗaya da wani ɗan ƙunshi. Kada ka buɗe su a gaban Baba sai ka karanta har ƙarshe.

Na ji saƙon muryar da ka saka a zauren dangi na waya. Sau uku na saurare shi, don in tabbata muryarka ce. Ka ce na yi wa tsoho ƙarya, na aiko masa da hoton bara na ce na bana ne, ka ce Jidda ta ɗauke mini hankali har na manta da wanda ya haife ni. Ƙaryar na yi ta, ban musa ba. Amma lambata tana wayarka, Yaya. Da ka kira ni ni kaɗai ka tambaye ni dalili, da ba sai surukaina da 'ya'yan Gwaggo sun sha labari ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu bai huce ba, gara in faɗa maka. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne yau mako biyar ke nan Baba bai karɓi wayata ba. In na kira sai matarka ta ce yana barci, alhali ina jin tarinsa a gefe.

Tunda rabonka da gonar nan tun kana ɗan shekara sha biyar, lokacin da kake cewa warin taki yana tayar maka da zuciya, bari in tuna maka abin da muke magana a kai. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a wannan kwazazzabo na arewacin Madina, tsakanin jajayen duwatsun nan masu tsayi da in ka goga hannu a jikinsu yashi ke biyo ka. Mu muna Jidda da Umma, Allah Ya ji ƙanta, shi yana can yana yi wa kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, noman dabino. Rumman ɗin kuwa ba wanda ya sa shi. Shi ya roƙi sandunan a wajen maƙwabta, ya dasa su layi biyu daga rijiya har gindin dutse, ya raine su da hannunsa. Da kafilin ya rasu, 'ya'yansa suka ce ba za su sabunta iƙamar, wato takardar izinin zaman, mutum mai shekara sittin da bakwai ba. Majid, babbansu, wanda Baba ya goya a kafaɗa ya tsinki rumman, shi ya ce masa halas, wato shi ke nan, ya je gida ya huta. A filin jirgi Baba bai bar mini wasiyyar komai ba sai abu ɗaya: duk shekara in sanyi ya fara shigowa, in je in ɗauko masa hoton itatuwansa in ganyen ya juya.

Kai kana ganin hoto ne kawai, a danna a wuce. Awa takwas muke yi a mota ni da Saif. Ganyen nan kwana goma kawai yake yi yana rawaya a ƙarshen Nuwamba, kafin nan kore ne, bayan nan iska ta kakkaɓe shi. Sai na yi ta kiran Abduljalil, mutumin Sudan ɗin da ya gaji aikin Baba, ina tambayarsa ko ya yi, har ya ce in taho. In na je kuma ba kowane lokaci ake ɗauka ba. Da safe ƙasan kwarin duhu ne. Da tsakar rana hasken yana ƙona rawayar, ganye ya fito fari fat kamar takarda. Sai da hantsi, in rana ta bugi dutsen yamma ta dawo da jan haskensa kan itatuwa, shi ne ganyen ke fitowa yadda Allah Ya yi shi, kuma rabin awa ne ya wuce. Wuri ɗaya nake tsayawa, kan falalen dutsen da ke bayan rijiya, don Baba ya ce in na canja wuri ba zai iya gwada bana da bara ba. Kuma sai na wanke masa a takarda babba, don ba ya yarda da hoton waya. Shekara biyar ina wannan ban taɓa fashi ba, har shekarar da aka yi mini aiki a ciki. Ban ji ka saka wannan a zauren dangi ba.

Ka fi ni sanin abin da yake yi da hoton, tunda a gabanka yake yi. Ba kallon kyau yake yi ba, aiki yake dubawa. Ya ɗauki gilashinsa mai ƙara girma ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya. In ganye ya yi saurin juyawa ya ce an hana su ruwa da wuri, in ya makara ya ce an cika musu. Sannan ya kira ni ya jero mini umarni, ni kuma in kai wa Abduljalil. Bara abu ɗaya ya fi nanatawa: itace na uku daga rijiya yana da reshe da ya gitta ta ciki yana goga ɗan'uwansa, a datse shi in ganye ya gama zuba. Sau huɗu ya kira ni a kan reshen nan. Na san shi ya fara nema da hoton bana ya iso, ya gan shi yana nan, ka ce har ya ƙi cin abinci yana cewa maganarsa ta daina tasiri a gonar. Daga baya ya lura da rumman ɗin nan guda da ya tsage a ƙololuwa, cikin waɗanda ya saba cewa a bar wa tsuntsaye, yana rataye daidai inda yake bara. Ni da nake aikin hoto shekara goma sha biyar ban gan shi ba. Na zaɓi wani daga cikin na bara da ban taɓa aikowa ba, na ɗan gyara haskensa, na ɗauka na yi wayo.

To ga dalilin. Bana na yi ta kiran Abduljalil wayarsa a rufe, sai muka kama hanya haka nan. Da muka isa bakin kwarin sai muka tarar da ƙofar ƙarfe da mai gadi. 'Ya'yan marigayin sun ba wani kamfani hayar wurin, an kakkafa tantuna masu na'urar sanyi don 'yan yawon buɗe ido. Dabinon suna nan. Rumman kuwa ko ɗaya babu, Yaya. An tumɓuke su duka, an shimfiɗa tsakuwa, an jera wasu shuke-shuke a manyan tukwane. Na tambayi mai gadin dalili, ya ce shi dai abin da ya ji, baƙi da sanyi suke zuwa, lokacin kuma itatuwan sun zama tsirara ba su da kyan gani, ga ganye yana cika wa masu shara hannu. Na ce ya bar ni in hau dutsen bayan rijiya minti biyar. Ya ce ba a shiga sai wanda ya kama ɗaki, kuma ba a ɗaukar hoto da babbar kyamara sai da izini. Na ce ubana ne ya dasa wurin nan. Ya ce Allah Ya ba shi lada, ya koma inuwarsa ya zauna.

Ban gama ba. A jikin bangon ƙofar an kafa wani ƙaton allo da sunan wurin, Lambun Rumman suka sa masa. Hoton da ke kan allon nawa ne. Na shekarar farko ne, wanda na wanke biyu na kai wa Majid ɗaya don in kyautata masa, ko zai riƙa sa ido a kan itatuwan. Layi biyu na rawaya, jan dutse a baya, har da tsanin Baba a jingine. Ba su tambaye ni ba, ba su sa sunana ba, sunan Baba kuwa balle. Na daɗe a tsaye a wurin har Saif ya ce mu tafi kada a kira mana 'yan sanda. Daga cikin mota na ɗaga kyamara na ɗauki allon, da ƙofar, da abin da ake hangowa ta bayanta. Shi ne hoton bana, yana cikin ambulan ɗin. A hanyar dawowa na yi ta tunanin mutumin da aka raba da matarsa da mutuwa, aka raba shi da ƙasar da ya tsufa a cikinta da takarda, abin da ya rage masa kawai hoto ɗaya a shekara. Na kasa aiko masa da shi. Kai da kake da ƙarfin zuciya, ga shi nan na miƙa maka.

Kafin mu bar yankin mun nemo Abduljalil a wata gona da ya koma. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai, ya ce kunya ce ta sa ya rufe waya. Ya shiga ɗaki ya ɗauko almakashin datse rassa na Baba, mai mariƙin da ya naɗe da jar roba, ya ce shi kaɗai ya iya tsirarwa. Shi ne a cikin ƙunshin. Ya kuma roƙe ni in isar da saƙo, ya rantse da Allah a kai: reshen itace na uku ya datse shi a watan Janairu, daidai inda Baba ya ce, ya shafe wurin da laka kamar yadda ya koya masa, har ya warke ya yi toho. Bayan wata uku katafila ta zo.

Abin da nake roƙonka ke nan. Ka bari sai ya karya kumallo ya sha maganin hawan jininsa. Ka zauna kusa da shi, kada ka tsaya a kansa kamar yadda ka saba. Ka fara gaya masa maganar reshen, cewa an bi umarninsa ba a saɓa ba, ka bar shi ya ji daɗin wannan ko na minti ɗaya ne. Sannan ka ba shi almakashin, sannan hoton. Kada ka yi mini kwaskwarima, ka ce masa na yi ƙarya, ka kuma gaya masa abin da na gani. In ya ɗauko gilashinsa zai duba, ka ƙyale shi ya duba. Itatuwansa suna nan a kan allon, sai dai ƙanana.

Ka gaishe mini da matarka Rim, ka ce mata na san ba laifinta ba ne, abin da aka ce ta faɗa take faɗa. Ka gaishe da Mish'al da ƙannensa, da Gwaggo, da Kawu Rafi'u da iyalinsa. Saif yana gaishe ku, Layan da Ruba suna gaishe da kakansu. Baba kuwa ban ce ka gaishe mini da shi ba, da bakina nake so in gaishe shi. Zan kira ranar Juma'a bayan la'asar kamar kullum. Ka sa wayar kusa da shi, ko ba zai yi magana ba.

Wassalam. Ƙanwarka,
Mastura